Yadda Za a Tafiyar da Hutun Yara a Kano Ba Tare da Aljihu Ya Ji Jiki Ba

Dogon hutun makarantun boko a Kano yakan fara ne a ƙarshen watan Yuli ya kai cikin Satumba, wato yana faɗowa a tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ja baya a kasuwa sabo kuma bai iso ba, ga hidimar komawa makaranta tana jiran maigida a gaba. Hutun Disamba yana zuwa da sanyin hunturu da ƙura, na wajen Afrilu kuma da zafin da ba ya barin yaro ya leƙa waje da rana. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin a-daidaita-sahu ya zama abin lissafi, har ta kai magidanci mai 'ya'ya biyar sai ya auna aljihunsa kafin ya ce kowa ya sa takalminsa a fita. Duk da haka, abin da ya fi lalata hutu a yawancin gidaje shi ne rashin tsari, domin yaron da ya wayi gari bai san abin da zai yi da yininsa ba shi ne zai dami mahaifiyarsa da "Umma, yunwa nake ji" tun kafin hantsi, ya tsokani ƙaninsa har a yi kuka, daga bisani ya sulale waje ba a san inda ya nufa ba.

Abu na farko shi ne a san nawa ake da shi, kuma kuɗin hutu yana nan a cikin kuɗin da aka daina kashewa ranar da aka rufe makaranta, wato kuɗin tara da kuɗin mota. A ɗauka cewa gida yana da yara huɗu, kowanne ana ba shi naira 200 kuɗin tara. Naira 800 ke nan a rana, 4,000 a mako mai kwana biyar, 24,000 a hutun mako shida, ba a ma sa kuɗin abin hawa ba. Rabin wannan kuɗi zai tafi a ƙarin abinci, domin yaron da yake gida ya fi na makaranta ci, kuma babu amfanin a yaudari kai a kan wannan. Ragowar rabin shi ne kasafin hutu. A ware shi tun makon farko, a sa a asusu ko a ba uwargida ajiya, sannan a faɗa wa yaran adadinsa a fili. Yaro ɗan shekara goma yana iya fahimtar cewa kuɗin nan zai isa fita biyu ne kawai da ɗan kayan aikin hannu, kuma idan aka sa shi cikin shawarar inda za a je, roƙon yau da gobe yakan ragu sosai. Kuɗin da aka tanada don kayan makaranta da littattafai da kuɗin zango kuwa ba a taɓa shi saboda nishaɗi, ko da kuka ya yi yawa.

Bayan kuɗi sai lokaci. Ba a buƙatar jadawali irin na makaranta mai ƙararrawa, domin lokutan salla sun riga sun raba yinin gida-gida, kuma yara sun san su. Daga karin kumallo zuwa hantsi a yi aikin gida, kowa da nasa: shara, wanke-wanke, ɗebo ruwa, ba kaji tsaba. Daga hantsi zuwa azahar shi ne lokacin da kan yaro ya fi ɗaukar abu, don haka nan za a sa karatu na rabin awa ko awa ɗaya, sannan aikin hannu. Bayan azahar a ci abinci a kwanta, ko barci bai zo ba a yi shiru, musamman a hutun bazara. Yawancin makarantun Islamiyya ba sa bin hutun boko, saboda haka yammacin ranakun Asabar zuwa Laraba ya riga ya samu abin yi a gidaje da yawa, sai Alhamis da Juma'a su zama ranakun da ya kamata a tanadar wa fita ko ziyara. A rubuta wannan tsari a takarda a manna a bango, kuma a bar yaran su rubuta da hannunsu su yi masa ado, domin abin da yaro ya rubuta da kansa ya fi jin nauyin saɓa masa.

Wasannin da ba sa cin ko kwabo suna da yawa, matsalar kawai ita ce yaran yanzu da dama ba su iya su ba saboda ba wanda ya zauna ya koya musu. A fara da dara, domin tana zaunar da yaro wuri ɗaya na tsawon lokaci kuma tana koya masa hangen abin da zai biyo bayan motsinsa. Ana haƙa gurabe talatin a ƙasa, layi biyar na gurbi shida-shida, kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya ya ɗauki tsinkaye ɗayan kuma ƙananan duwatsu ko ƙwallon dabino. Da farko ana zuba 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda mutum ya jera uku a lokacin zubi ba. Idan an gama zubi sai a riƙa gusar da ɗa zuwa gurbin da yake maƙwabtaka da shi, gaba ko baya ko gefe, duk wanda ya jera uku a layi sai ya cire ɗan abokin karawarsa guda ɗaya, har ɗaya ya kasa jerawa. A gidan da aka shafe tsakar gida da siminti, sai a zana gidajen da alli ko gawayi, a yi amfani da murafun kwalaben lemo masu launi biyu. Sharaɗi ɗaya ne ya kamata maigida ya kafa tun ranar farko, kuma ya shafi lido da kati da duk wani wasa mai ci da faɗuwa: ba a sa kuɗi, ba a sa alewa, ba a sa komai, domin daga irin wannan ƙaramin zubi ne sha'awar caca take tsirowa.

Masu ƙarfi a jika kuma ga langa, wadda ake yi da ƙafa ɗaya, ɗayar a riƙe da hannu ta baya, ana ture juna har wani ya saki ƙafa ko ya faɗi. Wasa ne da ya kai har ana gasarsa a cikin wasannin gargajiya na ƙasa, kuma minti ashirin a cikinsa ya isa ya sa yaro barci da wuri. A yi shi a kan rairayi, a haɗa sa'o'in juna, kada a bar ɗan shekara goma sha uku ya kara da ɗan shekara bakwai. 'Yan mata suna da carafke da 'yar gala-gala da gaɗa da tsallen igiya, kuma uwar da ta tuna waƙoƙin gaɗar ƙuruciyarta ta tashi ta nuna musu sau ɗaya za ta ga yadda za su riƙe abin har ƙarshen hutu. Ƙwallon ƙafa ba ta buƙatar bayani, sai dai a san filin, a san waɗanda ake bugawa da su, kuma a kafa dokar cewa kiran sallar magariba yana samun kowa a gida.

Ƙera abin wasa ya fi sayensa riƙe yaro, domin motar roba ta kasuwa takan karye ko ta gundure shi a kwana biyu, amma motar da ya yanka daga gwangwanin madara, ya yi mata taya da tsohon silifa, zai yi kwanaki yana gyara ta yana ƙara mata ado. A tanadi kwali guda a riƙa tara kayan aiki a ciki tun kafin hutu: kwalayen sabulu, murafun kwalba, guntayen atamfa da ake samu kyauta a wurin tela na unguwa, zare da allura, tsofaffin kalandu da bayansu yake fari don zane. Da guntun yadi yarinya za ta ɗinka wa 'yar tsanarta kaya, kuma a nan za ta koyi sa maɓalli da kama bakin zane, abin da zai yi mata amfani a kan kayan makarantarta. A damina laka tana samuwa ko'ina, ana gina shanu da tukwane da gidaje da ita a shanya a inuwa. Yankan gwangwani kuwa aikin babba ne ko na yaron da ya kai shekara goma sha biyu a gaban babba, kuma danƙon harbi gara a hana shi gaba ɗaya a cikin unguwa mai cunkoso, saboda idon ɗan maƙwabci da gilashin motar mutane.

Dare, musamman idan babu wuta, lokacin tatsuniya ne, kuma babu abin da ya kai shi araha. Idan akwai kaka a gida ko a maƙwabta, a shimfiɗa mata tabarma a tara mata yaran, da zarar ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku" suka amsa "Ta zo mu ji ta," an samu awa guda ta natsuwa. Idan babu kaka, mahaifi ma yana iya ba da labarin Gizo da Ƙoƙi gwargwadon abin da ya tuna, kuma ba laifi ya cike gurbin da ya manta da nasa. Abin da ya fi amfani shi ne a juya abin, kowane dare yaro ɗaya ya ba da tasa tatsuniyar, ko ya maimaita ta jiya da bakinsa, domin a nan ake gane wanda ya iya jera magana da wanda yake buƙatar a ƙarfafa shi. A haɗa da kacici-kacici, irin su "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya," wato tsintsiya, da "Baba na ɗaka, gemu na waje," wato wuta da hayaƙi, sannan a ce su ƙirƙiro nasu a kan abubuwan zamani kamar waya da janareta. Yaran da ake yi wa karatu da Turanci tun daga nazire suna samun Hausa mai nauyi ne a irin wannan zama, kuma da wuya su same ta a wani wurin.

Gida ɗaya ba zai iya ɗaukar dukan wannan nauyi kullum ba, musamman inda uwa take da sana'arta ko take fita aiki. A nan ne ya kamata maƙwabta su haɗa kai, hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Gidaje uku ko huɗu da suka yarda da tarbiyyar juna su raba safiyoyin mako, yau yaran duka suna gidan wance, gobe suna gidan wance, kowace uwa ta koya musu abin da ta iya: wata kitso da ƙunshi, wata saƙa, wata lissafi, wata tilawa. Ta haka kowace za ta samu safiya biyu ko uku da babu hayaniya ta yi aikinta. Don kada abin ya zama nauyi a kan tukunyar wani, a yi yarjejeniya cewa kowa yana komawa gidansu cin abincin rana. Dole ne kuma a yi magana a fili a kan abin da mutane suke jin kunyar faɗa: a san duk wanda yake zaune a gidan da za a tura yaro, a tabbatar akwai babbar mace a wurin daga farko har ƙarshe, kuma a gaya wa yara, maza da mata, cewa ba a shiga ɗakin samari ko shagon wani a rufe ƙofa, kuma duk wanda ya ce musu "kada ka faɗa a gida," wannan ita ce maganar da za a fara faɗa a gida.

Madafi ma wurin nishaɗi ne idan aka yi haƙuri da ɓarnar farko. Abincin da za a ci dama shi ne za a sa su a ciki, saboda haka babu ƙarin kuɗi. Ƙanana su tsince wake da shinkafa, su gyara zogale, su jajjaga kayan miya a turmi, manya su koyi kwaɓin ɗanwake da jefa shi, da suyar wainar fulawa, da haɗa zoɓo da kunun aya. Rana ɗaya a mako a bar yaran su shirya abincin dare tun daga lissafin cefane, a ba babbansu kuɗin a hannu ya je ya dawo da canji da bayani. Maza ma su shiga, domin yaron da zai tafi makarantar kwana ko jami'a bai iya dafa taliya ba shi zai wahala. Tafasasshen mai da tukunyar gas kuwa ba a barin yaro da su shi kaɗai.

Tun da hutun ya faɗo a damina, a ba kowane yaro tsohon buhun siminti ko bokitin da ya fashe, a huda ƙasansa, a cika da ƙasa da ɗan takin dabbobi, ya shuka abin da yake so. Wake yana tsirowa cikin 'yan kwanaki, don haka ya dace da ƙananan da ba su da haƙurin jira. Alayyafo yana isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, kuɓewa kuma takan fara 'ya'ya wajen wata biyu, wato wanda ya shuka ta a makon farko zai ci miyarta dab da komawa makaranta ko jim kaɗan bayan an koma. A haɗa wannan da aikin zagaya gida bayan kowane ruwan sama ana kifar da gwangwanaye da tsofaffin tayoyin da suka tara ruwa, a bayyana wa yaran cewa a cikin irin wannan ruwa sauro yake ƙyanƙyasa, domin zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa a daidai wannan lokaci, kuma jinyar yaro ɗaya tana iya cinye kasafin hutun gaba ɗaya.

Sai maganar fita, wadda ita ce yara suka fi ɗoki kuma ita ce ta fi cin kuɗi. Kano tana da wuraren da baƙi suke tahowa daga nesa su gani, alhali yaran da aka haifa a Gwale ko Fagge ko Tarauni da yawa ba su taɓa shiga ba. Dutsen Dala shi ne na farko, domin daga kansa ana ganin birnin a shimfiɗe, ga Goron Dutse, ga hasumiyoyin Babban Masallaci, kuma a nan ne za a ba su labarin Barbushe da Tsumburbura da mutanen da suka fara zama a gindin dutsen. A hau da sassafe kafin rana ta yi zafi, a riƙe hannun ƙanana, kada a bar kowa ya matsa baki, kuma a kauce wa ranar Takutaha idan da ƙananan yara, saboda cunkoson masu hawa. Gidan Makama, wanda yake daura da fadar Sarki, gini ne da ake dangantawa da zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma yanzu gidan adana kayan tarihi ne da yaro zai ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan Kano bayan zuwan Turawa a 1903. Daga can babu nisa zuwa marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, inda har yanzu ake rini da baba a cikin rijiyoyi, kuma idan aka yi sallama cikin ladabi aka ɗan ba da na goro, marina sukan nuna wa yara yadda farin yadi yake fitowa kore-kore daga ruwan sannan iska ta mayar da shi shuɗi a gaban idonsu. Waɗannan wurare uku da Kasuwar Kurmi duk suna cikin birni, saboda haka kuɗin mota ɗaya zai iya haɗa biyu ko uku daga cikinsu a yini guda, sauran a taka da ƙafa.

Akwai kuma Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, da gidan Malam Aminu Kano na Mambayya a Gwammaja ga yaran sakandare da suka fara tambaya a kan siyasa. Wani aikin da ba ya buƙatar tikiti shi ne a sa yara su rubuta sunayen ƙofofin gari, Ƙofar Nasarawa, Ɗan Agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Kabuga, Mazugal, Wambai da sauransu, duk wadda aka wuce ta a hanyar zuwa ziyara su yi mata alama, su tambayi kakansu asalin sunanta, a kuma nuna musu abin da ya rage na badalar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu. Gidan Zoo na Audu Bako, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970, shi ne fitar da ta cancanci a kashe mata kaso mafi girma idan yaran ƙanana ne, amma a je a ranar aiki da safe, domin a ranakun Sallah cunkoso yakan hana ganin dabbobin kuma a nan yara suke ɓata. Ga masu son karatu, Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad da yake kan titin Ahmadu Bello wuri ne da ɗan sakandare zai iya yini a cikinsa. Manyan kantunan zamani irin na Ado Bayero Mall kuwa, a ganina, ba wurin kai yara ba ne ga mai ƙaramin ƙarfi, domin shiga kyauta ce amma komai na ciki an jera shi ne don ya ja ido, sai a dawo gida da yaro mai fushi da uba mai jin kunya.

Kowace fita tana da ƙa'idojin da suke rage kashe kuɗi. A tambayi kuɗin shiga kafin ranar, a ci abinci a ƙoshi kafin a bar gida, a ɗauki ruwa da zoɓo a gora da gurasa ko dafaffiyar gyaɗa a jaka, kuma a faɗa tun a tsakar gida cewa ba za a sayi komai a hanya ba, ko kuma kowa yana da abu ɗaya tak. Idan gidaje biyu suka haɗu suka yi shatar a-daidaita-sahu zuwa da dawowa, yakan fi sauƙi a kan hawa guntu-guntu, kuma manya biyu sun fi ɗaya iya lura da yara. A rubuta lambar wayar mahaifi a takarda a sa a aljihun kowane ƙaramin yaro, a kuma nuna musu wurin da za a tsaya idan an rabu.

Yaran da suka kai shekara goma sha biyu zuwa sama lamarinsu daban ne, domin dara da tatsuniya ba za su riƙe su yini guda ba, kuma su ne majalisar banza da shaye-shaye da 'yan daba suka fi ja. Abin da Kanawa suka gada shi ne a kai yaro wurin sana'a, kuma hutu na mako shida ya isa ya koyi abin da zai fara da shi: ɗinki, aikin kafinta, gyaran waya irin na kasuwar Farm Centre, ɗinkin hula, dukanci, ko zaman shago a Kantin Kwari wurin kawunsa ya ga yadda ake ciniki da rubuta bashi. Mahaifi ya kai shi da kansa, ya yi magana da maigidan wurin a kan lokacin zuwa da na tashi, kuma ya riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba. A zaɓi mutumin da aka san halinsa ko da sana'arsa ba ita yaron ya fi so ba. Koyon sana'a daban, ɗora wa yarinya tire ta yini a tasha ko bakin titi daban. Na san akwai gidajen da cinikin uwa ya dogara da tallan 'ya'ya, kuma ba a raina wannan, amma idan ya zama dole, to a tsaya a cikin unguwa, a tafi su biyu, ba a shiga gida ko shago kai kaya, kuma a dawo kafin la'asar.

Waya ita ce hanya mafi sauƙi ta sa yaro ya yi shiru, kuma tana cikin mafi tsada idan aka lissafa kuɗin data na mako shida. Hana ta gaba ɗaya ba ya yiwuwa a yawancin gidaje, saboda haka a ba ta lokaci sananne, misali awa ɗaya bayan an gama aikin gida da karatu, a tsakar gida ko falo inda kowa yake gani. A sauke abin da za su kalla tun da wuri sannan a kashe data, wanda hakan yake rage kuɗi kuma yake hana su faɗawa cikin abin da TikTok da YouTube suke jerowa ba a nema ba. A cire manhajar banki daga wayar da ake ba yara ko a sa mata makulli, kuma a lura da samarin da suke zuwa gidan kallon ƙwallo, domin cacar wasanni ta waya a irin waɗannan wurare ake koyonta. Fita da waya a hannu da yamma kuwa, kowa a Kano ya san abin da masu ƙwace suke yi, bai kamata a aiki yaro da ita ba.

Tura yara hutu wurin dangi a Bichi ko Gwarzo ko Wudil ko Rano tsohuwar al'ada ce mai kyau, yaro ya ga gona da kiwo, ya san 'yan'uwansa, ya gane daga inda tuwo yake fitowa. Sai dai a tuna cewa daminar da ta matsi na birni ta fi matsar na ƙauye, don haka ba a tura baki huɗu hannu rabbana. A haɗa su da ɗan abin da ya samu, shinkafa ko sabulu ko sukari, da gidan sauronsu, kuma mako ɗaya ko biyu ya wadatar. Babban abin da za a ja kunne a kai, a ƙauye da birni duka, shi ne ruwa. Kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasa suna cika a watan Agusta, gindinsu laka ce mai riƙe ƙafa, kuma kusan kowace damina sai an ji jami'an kashe gobara sun ciro gawar yaro daga cikinsu. Wanda ya tsira daga nutsewa ma yana iya ɗaukar tsargiya, a ga jini a fitsarinsa bayan makonni. Hatsarin kwalekwalen da ya auku a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, wanda yawancin waɗanda suka rasu a cikinsa ɗaliban Islamiyya ne, ya isa dalilin da za a gaya wa mai masaukin yaran a fili cewa ba wanka a rafi ko dam, ba kuma shiga jirgin ruwan da aka cika maƙil.

Game da lesin na hutu da makarantu masu zaman kansu suke tallatawa, ba kowane yaro ne yake buƙatarsa ba. Wanda zai rubuta jarrabawar shiga sakandare ko ta kammalawa, ko wanda sakamakonsa ya nuna rauni a darasi ɗaya takamaimai, shi ya cancanci a biya masa, kuma sau da yawa ɗalibin jami'a ko na kwalejin ilimi da yake unguwa zai koyar da yara uku ko huɗu a zaure a kan kuɗin da bai kai na makaranta ba. Sauran yaran rabin awa ta karatu a bayyane kowace safiya, da jadawalin sau, da rubuta abin da suka gani a fitar da aka yi, sun isa su hana kai yin tsatsa. Yaya ya saurari karatun ƙaninsa, shi ma yana amfana.

Makon ƙarshe na shirin komawa ne. A dawo da lokacin barci da na tashi irin na makaranta tun kwana biyar kafin a koma, a fito da kayan makaranta a gwada, wanda ya yi gajere a sauke masa kalmasa ko a miƙa wa ƙani, a wanke jaka a kai wa mai gyaran takalmi abin da ya yage, a tattara littattafan bara a yi musanya da maƙwabtan da 'ya'yansu suke gaba ko baya da aji ɗaya. Waɗanda suka je ƙauye su dawo a farkon makon, don a samu lokacin aski da kitso, a kuma duba ko akwai mai zazzaɓi ko ƙuraje a kai shi asibiti kafin ranar Litinin.